Hausawan Sinnar da Littafin Hukuma: Abin da Rajista Ke Faɗa Ba Tare da An Rubuta Shi Ba

A ranar 27 ga Yulin 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, wata huɗu bayan sun ci Sakkwato. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira ba su juya gida ba. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja su suka bi hanyar alhazai gabas har gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, suka fara sauka a Shaikh Ɗalha, sannan wajen 1906 suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau, kudu da Sinnar kaɗan. Sun tarar da 'yan'uwansu a ƙasar. Tun zamanin daular Funj, wadda ta yi mulki daga Sinnar tsakanin 1504 da 1821, ayarin masu niyyar Makka ke ratsawa, wasu su wuce, wasu guzuri ya ƙare musu su zauna su kama noma ko koyar da yara. Sai dai zuwan Mai Wurno ya dace da zuwan wani sabon abu, wato hukuma mai rubuta kowa a littafi. Wanda ya bi tarihin Hausawa da Fulanin Sinnar da Jazira tun daga lokacin zai ga cewa bayanin da ya fi cutar da su, sau da yawa, babu wanda ya tambaye su shi, babu kuma wanda ya rubuta shi. Ciro shi aka riƙa yi daga wasu bayanai marasa alamar haɗari, kamar sunan ƙauye da sunan kaka da sana'a da shekarar zuwa. Wannan ita ce matsalar da masana kwamfuta suka kusa shekara hamsin suna fama da ita a rumbunan bayanai, kuma tarihin Sinnar ya isa hujja cewa ba a auna amincin rajista da abin da aka goge daga cikinta. Ana auna shi da abin da mai wayo zai iya ganowa daga abin da aka bari.

Da tsoro Turawa suka fara rubuta su. Sun karya daular Mahdiyya a Karari a 1898, an yi musu tawaye da sunan Mahdi a Satiru kusa da Sakkwato a 1906, saboda haka duk wani taron mutanen yamma a bakin Nilu abin sa wa ido ne a wurinsu. A 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa suka kai shi Buea ta Kamaru, kuma cikin abin da suka riƙe a kansa har da hulɗarsa da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahdi. Bayan haka gwamnatin Najeriya ta tura jami'inta G. J. Lethem ya bi hanyar alhazai ta Sudan ya duba zangonnin mutanen yamma, rahoton da suka haɗa da G. J. F. Tomlinson ya fito a 1927. Hanyar aikin ce abin lura. Tambayar mutum aƙidarsa ba ta da amfani ga mai leƙen asiri, domin ya san amsar da zai samu. Abin da yake dubawa shi ne inda mutum ya yada zango, ko ya biya ta tsibirin Aba, cibiyar Sayyid Abdurrahman, wa ya aika wa wasiƙa, a gonar wa ya yi ƙodago. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin waɗannan, mai su ma ba ya ɓoye su. Haɗuwarsu a takarda ɗaya ce ke zama hukunci, wani lokaci a kan mabiyin gaske, wani lokaci a kan talakan da yunwa kawai ta kai shi Aba neman aiki. Tun a nan ya kamata a riƙe cewa abin da aka ciro ta wannan hanya yana cutarwa ko daidai ne ko kuskure.

Sai zamanin auduga. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman Jazira da fili faddan 300,000, ƙarƙashin kulawar kamfanin Sudan Plantations Syndicate, domin ciyar da masaƙun Lankasha. Ƙasa da ruwa sun samu, hannun aiki ne ya yi kaɗan, don haka aka yi maraba da mutanen yamma, waɗanda Sudaniyawa ke haɗa su duka da sunan Fallata ko Takarir, ko Hausa ne ko Fulani ko Barebari. Shirin Jazira gona ce da ake gudanar da ita da alƙalami. Kowane mai hawasha, wato gonar da shirin ya ba manomi, yana da lamba da shafi a littafin ofis, ana rubuta bashin da ya ci da audugar da ya kawo da rabon da ya samu. Waɗanda ke yin tsinka da shema da gyaran magudana kuwa mafi yawansu ba su da shafi. Suna zaune a gefen magudanai a matsugunan da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a kan ƙasar da ba tasu ba. Lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 wasu manoma suka bar hawashoshinsu, wasu daga mutanen yamma suka samu shiga, amma da zancen zama ɗan ƙasa ya shigo cikin sharuɗɗa sai ƙofar ta tsuke. Sakamakon shi ne adireshin mutum a Jazira ya zama cikakken labarinsa. Idan aka ce wane mazaunin kambo kaza ne, an faɗi cewa ba shi da gona, an faɗi cewa asalin gidansu daga yamma ne, ko Darfur ko can gaba da ita, an kuma faɗi cewa ana iya yi masa gardama a kan takardunsa, alhali fom ɗin bai tambayi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili yana cikin dokar zama ɗan ƙasa. A 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar da ta bayyana wane ne Basudane, ta ɗora ma'aunin a kan rana ɗaya, 31 ga Disambar 1897: wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun daga ranar, shi ne ɗan ƙasa. Dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957, bayan samun 'yancin kai, ta riƙe wannan rana. A rubuce, ma'aunin bai ambaci Bahaushe ko Bafillace ba, kwanan wata ne kawai, kuma mai kare dokar zai iya rantsuwa cewa ba ta nuna wa kowa bambanci. Amma a haɗa ta da abin da kowane ma'aikaci a Sinnar ya sani, cewa an yi Burmi a 1903 kuma an kafa Mai Wurno bayanta. Duk wanda ya rubuta Mai Wurno a gurbin wurin haihuwa ya riga ya ba da amsar tambayar 1897 kafin a yi masa ita, ko da kuwa a can aka haife shi, a can aka haifi ubansa, bai kuma taɓa ganin Sakkwato ba. Haka ƙauyukan da suka tsiro bayan buɗe Jazira. Wurin haihuwa bayani ne da kowace rajista a duniya ke nema, kwanan watan doka kuma a jarida aka buga shi. Na ukun da ya fito daga haɗa su shi ne ya hana mutane hawasha da aikin gwamnati da fasfo.

Jama'a sun gane wannan, kowa ya nemi mafita daidai ƙarfinsa. Wasu sun koma birane, Wad Madani da Umdurman da Khartum, suka rungumi Larabci da suturar gari da auratayya, abin da Mark Duffield ya bi diddiginsa a littafinsa kan Mai Wurno na 1981. Amma takardar Sudan suna huɗu take nema, na mutum da na uba da na kaka da na uban kaka. Mutum na iya zama Muhammad Ahmad a unguwa da wurin aiki, suna na uku ko na huɗu ya fito Garba ko Tanko, shi ke nan abin da aka rufe shekara arba'in ya buɗe a layi ɗaya. Neman jinsiyya kuma yana buƙatar shaida daga dangin uba, kuma shaidan da kansa wani bayani ne, domin garinsu da harshensa suna magana. Wasu kuma ba su ɓoye komai ba. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna ƙauyukan Hausawa a Jazira inda jikoki da tattaɓa-kunne ke kiran kansu alhazai a kan hanya, suna jiran ranar da Allah zai nufe su da ƙarasawa Makka. Wannan magana ta imani ce, kuma ta cancanci girmamawa. Sai dai kunnen ofis ba ya jin ta haka. Dokar da ke neman mazaunin dindindin, idan ta ji mutum ya ce shi matafiyi ne, ta samu abin da take so.

Ƙidayar farko ta Sudan, wadda aka yi a 1955 zuwa 1956, ta samu mutum miliyan 10.26, ta kuma tambayi ƙabila da harshe, ta jera ƙabilu 597 cikin manyan rukunai 56. Har yau masu bincike na komawa gare ta domin babu wata da ta ba da irin wannan bayani filla-filla. A ƙidayar Afrilun 2008 gwamnati ta cire tambayar ƙabila da ta addini gaba ɗaya, duk da ƙorafin 'yan Kudu, kamar yadda Najeriya ta cire su a tata ta 2006. Mai kyakkyawan zato zai ce an toshe ƙofar fitina. To amma me cirewar ta kare? Jadawalin ƙidaya yana fitowa gunduma-gunduma, kuma a Sinnar da Shuɗin Nilu da Gadarif sunan ƙauye ya isa. Wanda ke son sanin yawan Hausawan wani yanki zai tara alkaluman ƙauyukan da ya san nasu ne, ya samu abin da yake nema ba tare da tambayar ƙabila ba. Waɗanda cirewar ta hana wa hujja su ne Hausawan da kansu, ranar da suke son su ce mu kaza ne, a ba mu makaranta da asibiti da wakilci.

Masana lissafin ƙidaya sun fara ba wannan matsala suna da ƙa'ida ne a shekarun 1970, lokacin da rajistoci suka fara komawa kwamfuta. Tore Dalenius na ƙasar Suwidin ya rubuta a 1977 cewa asiri ya tonu duk lokacin da alkaluman da aka fitar suka sa aka san wani abu game da mutum fiye da yadda za a sani in ba a fitar da su ba. A 1979 Dorothy Denning da abokan aikinta suka nuna cewa rumbun da ya ƙi ba da sunan kowa, yake amsa tambayar jimilla kaɗai, ana iya tatsar sirrin mutum ɗaya daga gare shi da 'yan tambayoyi. A ɗauka ofishin lafiya ne. Mai tambaya ya ce, mata nawa ne a ƙauye kaza ke karɓar maganin cuta kaza? Rumbu ya ce 12. Ya sake cewa, in an cire malaman makaranta fa? Rumbu ya ce 11. Idan malama ɗaya ce tak a ƙauyen, an san ciwonta, kuma rumbun bai karya dokarsa ko sau ɗaya ba. A 1997 Latanya Sweeney ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Masacusets a Amurka, waɗanda aka goge sunaye daga cikinsu, ta haɗa da rajistar masu zaɓe da ta saya dala 20, ta fito da fayil ɗin gwamnan jihar, William Weld. Daga baya ta lissafa, da ƙidayar 1990, cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya-ɗaya. A 2003 Irit Dinur da Kobbi Nissim suka tabbatar da lissafi cewa rumbun da ya amsa tambayoyi da yawa da amsa madaidaiciya, a ƙarshe ana iya sake gina abin da ke cikinsa kusan duka. Ma'aikacin jinsiyya na Sinnar bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma aikin da yake yi da sunan ƙauye da kwanan watan 1897 shi ne ainihin abin da suke bayani.

Bambancin zamaninsa da namu shi ne sauri da nisa. Littafin takarda yana ofishi ɗaya, ƙura na cin sa, haɗa shi da littafin wani ofishi aikin makonni ne. A 2011 Sudan ta yi dokar rajistar jama'a ta fara raba lambar ɗan ƙasa, wadda ake kira raƙam waɗani, lamba ɗaya da ke bin mutum daga makaranta zuwa banki zuwa layin waya zuwa fasfo. A shekarar kuma aka ga abin da irin wannan tsari zai iya yi. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a Yuli, aka gyara dokar jinsiyya a Agusta ta yadda duk wanda ya samu zama ɗan Kudu, a doka ko a aikace, ya rasa na Sudan kai tsaye. Dokar Kudu kuwa ta ba da ɗan ƙasanci ta ƙabila da wurin haihuwar kakanni. Ma'anarsa ita ce mutumin da aka haifa a Khartum, bai nemi takardar Juba ba, bai taɓa zuwa can ba, ana iya cire shi saboda abin da aka gano daga sunansa da asalin kakansa. Ba Hausawa wannan ya faɗa wa ba, amma duk Bahaushen Sudan da ya san tarihin 1897 ya san irin wannan wuƙa.

Za a ce, kuma da gaskiya a ciki, wane sirri ake karewa? Kowa a Sinnar ya san su wane ne mutanen Mai Wurno, su ma ba su taɓa jin kunyar asalinsu ba, suna da sarautarsu da malamansu, har da masana irin su Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum wanda ya rubuta littafi a kan Hausar Sudan. Amsar ita ce sanin maƙwabci daban, jerin sunaye daban. Maƙwabci ya san ka tare da sanin cewa kun yi makaranta ɗaya, ka halarci jana'izar mahaifinsa, kuma saninsa ya tsaya a iyakar garinku. Rumbun bayanai ba shi da wannan iyaka. Da tambaya ɗaya zai fito da duk wanda aka haifa a ƙauyuka kaza, ko yana Bur Sudan ko Atbara ko Jidda, da lambar wayarsa da wurin aikinsa, har da wanda ya bar gida shekara talatin ya kuma zaɓi kada ya yi ta bayanin asalinsa a inda yake. Wannan zaɓi haƙƙinsa ne. Kuma abin da ake ganowa bai tsaya ga ƙabila ba, ya haɗa da ciwo da bashi da wanda ba shi da takardar fili, abubuwan da ko maƙwabci bai sani ba.

Abin da ya faru a shekarun nan ya hana a ɗauki maganar da wasa. Da aka ƙara tsayin madatsar Rusairis, aikin da aka gama a farkon 2013, an kwashe ƙauyukan da ruwa zai ci aka zaunar da su a sababbin garuruwa masu lamba a maimakon suna. Lamba ita ce abin da mai rumbun bayanai ke sa wa a gurbin suna in yana son ɓoye mutum, amma kowa a yankin ya san su wa ke zaune a lamba kaza. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan taƙaddama a kan neman sarautar gargajiya da mallakar ƙasa, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu, da yawa suka nufi Sinnar, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. A Janairun 2025, lokacin da soja ke sake karɓar Wad Madani daga hannun dakarun RSF da suke yaƙi da su, aka kai hari kan mazauna kanabi a Jazira, ciki har da Kambo Ɗayba, bisa zargin goyon bayan dakarun RSF, zargin da aka gina a kan inda mutum yake zaune da inda kakanninsa suka fito. Masu wannan ta'asa ba su buƙaci kwamfuta ba, kuma ba na cewa sun yi amfani da ita. Abin da nake cewa shi ne hanyar tunanin, daga adireshi zuwa asali zuwa hukunci, tana nan da ranta, kuma rumbun da bai yi hattara ba zai miƙa mata waɗanda gudu ya tserar.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi. Idan tsoron tonuwar asiri ya sa aka daina tattara bayani, mai rauni ne zai fi asara. Mazauna kanabi sun daɗe suna kukan rashin ruwan sha da makarantu da filayen zama, kuma wanda ba ya cikin lissafi ba ya cikin kasafi. Na yarda da wannan ƙwarai, shi ya sa ban ga cire tambayar ƙabila a 2008 a matsayin kariya ba. Amma tattarawa daban, fitarwa daban, kuma a tsakaninsu ne ilimin shekara hamsin ɗin nan yake da abin bayarwa. Akwai tsohuwar ƙa'idar rufe duk gurbin jadawali da mutanensa suka yi kaɗan, tare da rufe wani gurbin kusa da shi don kada a gano na farko ta hanyar ɗebewa daga jimilla. Akwai wadda Sweeney da Pierangela Samarati suka tsara a 1998, cewa kada a saki bayanin kowa sai ya yi kama da na wasu mutane aƙalla adadi kaza, ta hanyar mayar da ranar haihuwa shekara, ƙauye kuma gunduma. Wannan ma tana da rami, kuma Sinnar ta nuna shi: in duk mutanen rukunin asalinsu ɗaya ne, ɓuya a cikinsu bai ɓoye asalin ba. Akwai rubuta duk tambayar da aka yi wa rumbu da wanda ya yi ta, a hana tambayar da in an haɗa ta da ta baya za ta ware mutum ɗaya. Sannan akwai dabarar da Cynthia Dwork da abokan aikinta suka kawo a 2006, ta yayyafa ɗan kuskure da gangan, gwargwadon lissafi, a kan kowace amsa, ta yadda kasancewar mutum ɗaya a rumbun ko rashinsa ba zai sauya amsar sosai ba. Hukumar ƙidayar Amurka ta gwada kanta da alkaluman 2010 da ta riga ta buga, ta haɗa da bayanan 'yan kasuwa, ta gano mutum miliyan 52 daidai, shi ya sa ta ɗauki wannan dabara a ƙidayar 2020.

Dabarar tana da tsada, kuma ƙananan garuruwa ne ke biya. Kuskuren mutum goma ba komai ba ne a lissafin Umdurman, amma a kambo mai gida talatin yana iya sauya ko za a haƙa rijiya. A Amurka ma ƙananan al'ummomi sun yi wannan ƙorafi, jihar Alabama har kotu ta je a 2021. Ban ga wata hanya da za ta kawar da wannan ciniki ba. Abin da za a iya yi shi ne a raba buƙatu: yawan mutane da shekarunsu, wanda ake raba ruwa da aji da shi, a fitar da shi daidai har matakin ƙauye, abin da ya shafi asali da harshe da ciwo da matsayin takarda a tsayar da shi a matakin jiha, a kuma sa hannun mutanen da abin ya shafa wajen yanke inda layin zai bi.

Duk da haka lissafi kaɗai ba ya tsare kowa daga mai riƙe da mabuɗin rumbun. A 1941, ƙarƙashin mamayar Jamus, ma'aikatan birnin Amsterdam sun zana taswira mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo Yahudawa goma, babu sunan kowa a kanta, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holand ba su tsira daga yaƙin ba. A 1942 majalisar Amurka ta sassauta dokar sirrin ƙidaya, hukumar ƙidaya ta ba soja alkaluman 'yan asalin Japan unguwa-unguwa, aka tsare kimanin mutum 120,000. Tarihin Sudan ya nuna ɗaya fuskar. Da aka matsar da ranar ma'auni daga 1897 zuwa 1 ga Janairun 1924, sannan dokar 1994 ta kai ta 1 ga Janairun 1956, sunan Mai Wurno a gurbin wurin haihuwa ya daina zama hujja a kan mai shi a doka, ba tare da an sauya harafi ɗaya a rajista ba. Wani zai ce to ai maganin ke nan, a gyara doka a bar rumbu. Gyaran 2011 ya amsa masa: doka tana juyawa cikin wata guda, bayanin da aka tara kuwa yana nan yana jiran duk wanda ya hau mulki. Saboda haka abin da ba a buƙata kada a tara shi tun farko, abin da aka gama da shi a goge, rumbun lafiya kuma kada a ɗaura shi da na 'yan sanda don kawai lamba ɗaya ta sauƙaƙa hakan.

Yau mafi yawan sabon rubutun da ake yi wa mutanen Sinnar da Shuɗin Nilu a sansanonin gudun hijira ake yin sa, inda mai jin yunwa ke ba da sunansa huɗu da ƙauyensu da lambar waya kafin ya karɓi buhu, kuma ba shi da ikon ƙi. Ƙungiyoyin agaji da niyyar alheri suke yi, amma a Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar cewa an kutsa rumbunsa an taɓa bayanan mutum sama da 515,000, don haka niyya ba ta isa ba. In yaƙi ya lafa za a sake gina rajistar jama'a, za a yi ƙidaya, za a buɗe littattafan filaye na Jazira. Hausawan Sudan suna da lauyoyi da likitoci da injiniyoyin kwamfuta, kuma su ya kamata su fara zama a teburin da za a tsara waɗannan, su tambayi kowane gurbi na fom me za a iya ganowa in an haɗa shi da na kusa da shi, wa zai iya tambayar rumbun, kuma wa ke rubuta cewa ya tambaya. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ma tambayar ta shafe shi. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, Najeriya ta yi tata a Yunin 2023, a Najeriya kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN tana ɗaure da layin wayar mutum da asusun bankinsa. Ya nemi a nuna masa, a rubuce, abin da hukumar da ke riƙe da bayanansa ta yi don hana a ciro daga cikinsu abin da bai faɗa mata ba.